Biza a Matsayin Alkawari: Hukuncin Ɗan Ci-rani Tsakanin Faɗin Ƙasa da Ƙuncin Iyaka

Daga cikin tambayoyin da ƙaurar neman aiki ta ɗora wa malaman fiƙihu na wannan zamani, kaɗan ne suka kai tambayar biza sarƙaƙiya, wato ko izinin shiga da hukumar wata ƙasa take bugawa a fasfon baƙo yana ɗaure shi a gaban Allah, ko kuwa nauyinsa bai wuce teburin jami'in shige da fice ba. Masu ganin ba ya ɗaure kowa suna da hujjar da ba ta rainuwa, domin Suratul Mulk ta kwaɗaitar da mutane su ratsa sassan ƙasa su ci daga arzikin da aka tanada a cikinta, Suratun Nisa'i kuma ta zargi waɗanda suka zauna cikin danniya alhali ƙasa tana da faɗin da za su yi ƙaura, sannan yawancin iyakokin da ake gadi a yau a Afirka da Gabas ta Tsakiya Turawan mulkin mallaka ne suka shata su, ba tare da sun shawarci mazauna wuraren ba.

Ga Bahaushe wannan hujja tana da ƙarfi na musamman, saboda a tarihinsa mahajjaci da ɗan ci-rani, wato mai barin gida na ɗan lokaci don neman abin kai wa bakin salati, mutum ɗaya ne. Mai niyyar Makka yakan tashi a ƙafa ta Barno da Chadi, ya yi shekaru a hanya yana noma da dako don tara guzuri. Garin Mai Wurno da ke gaɓar Shuɗin Nilu ya kafu ne daga waɗanda suka yi gabas bayan yaƙin Burmi na 1903, gonakin audugar Jazira da aka buɗe a Sudan a 1925 kuwa sun ci gumin dubban irin waɗannan matafiya kafin su tsallaka Bahar Maliya. Daular zamani ce ta raba abin da a da yake haɗe, ta ware bizar Umara daban da bizar aiki, ta mai da wanda ya shiga da ta farko ya zauna yana aiki mai laifi. Da yawa daga cikin waɗanda ake kira 'yan tukari a Makka da Jidda suna bin tsohuwar hanya ce a ƙarƙashin sabuwar doka.

Sai dai fiƙihu bai jira zuwan Turawa ba kafin ya san izinin shiga. Akwai babin amana, wanda yake nufin kariyar da mahukuntan wata ƙasa suke ba baƙo bisa sharuɗɗa da wa'adi, kuma an ruwaito cewa Halifa Umar ya iyakance wa fataken da ba Musulmi ba kwana uku a Madina su sayar da hajarsu su fita. Muhammadu ɗan Hasan Asshaibani, almajirin Abu Hanifa wanda ya rasu a shekara ta 189 bayan Hijira, ya tafi a kan cewa Musulmin da ya shiga ƙasar da ake gaba da ita da izinin mutanenta bai halatta ya ha'ince su ba, ko da dabara ya yi ya samu izinin, tun da sun buɗe masa ƙofa ne bisa zaton aminci daga gare shi. Abin da ya fi wannan nauyi shi ne labarin Huzaifa ɗan Yamani da mahaifinsa, waɗanda Ƙuraishawa suka tsare a hanya suka sake su bisa alkawarin ba za su yi yaƙi tare da Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ba. Da suka isa wurin Annabi suka ba da labari, sai aka umarce su da su cika alkawarin, aka yi Badar ba da su ba, a ranar da Musulmi suke da tsananin buƙatar kowane mutum guda.

Daga nan ake gane cewa muhawara a kan ko iyaka tana da tsarki ta kauce wa inda gizo yake saƙar. Abin da yake ɗaure baƙo shi ne furucinsa: mutumin da ya cike takarda ya ce ziyara ce ta kawo shi, ya sa hannu a kan zai fita kafin wa'adi, alhali ya riga ya sayar da gonarsa ya ƙulla da wanda zai sama masa aikin gadi, ya faɗi abin da ya san ba haka yake ba, ya kuma ɗauki alkawarin da ya ƙudura saɓawa, Suratul Ma'ida kuwa da umarnin cika alkawura ta buɗe. A mazhabar Malikiyya akwai ƙarin dalili, wato maslaha mursala, amfanin jama'a da nassi bai ambace shi da suna ba kuma bai soke shi ba, wanda a kansa ne ake yarje wa shugaba ya taƙaita abin da asalinsa halal ne, kamar yawan masu shiga Makka a lokaci guda. Ba a ce kowace dokar shige da fice adalci ce ba. Korar baƙi da Ghana ta yi a 1969, wadda ta tarwatsa gidajen Hausawa da Yarabawa a zango-zango, da wadda Najeriya ta yi a 1983, sun isa shaida cewa siyasa takan juya irin waɗannan dokoki yadda ta so.

Game da kuɗin da mai zama ba izini yake samu, malamai da dama sun raba laifin saɓa sharaɗi da ingancin ijara, wato yarjejeniyar aiki da lada. Misalin da masana usulu suke kafawa shi ne sallar da aka yi a filin da aka ƙwace, wadda mafi yawan malamai, har da Malikawa, suke ganin ta inganta ko da yake mai yin ta ya yi zunubin ƙwace. A kan wannan ƙiyasi, ladan wanda ya yi gini ko wanki na halal haƙƙinsa ne, kuma uban gidan da ya hana shi don ya san ba shi da bakin kai ƙara ya ci haram tsagwaronta.

Inda wa'azi ya fi yin sakaci shi ne ɗaya ɓangaren alkawarin. Tun bunƙasar man fetur a shekarun 1950, ƙasashen yankin Gulf suke tafiyar da baƙin ma'aikata a kan tsarin kafala, inda igama, wato katin izinin zama, take rataye a wuyan kafili, mutumin ko kamfanin da ya ɗauki nauyin shigo da ma'aikaci. A fiƙihu kafala lamuni ne, aikin taimako da ake yi don Allah, shi ya sa mafi yawan malamai suka haramta karɓar lada a kansa. Amma ga abin da ya zama ruwan dare: ejan ya karɓi kuɗin da dangi suka harhaɗa, ya sayar wa saurayi bizar da babu wani aiki a bayanta, saurayin ya sauka ya nemi aiki da kansa, kowane wata kuma ya kai wa kafilin da bai taɓa yi wa aikin kwana ɗaya ba wani kaso, don kawai sunansa ya ci gaba da zama a rajista. Wannan ciniki dokar Saudiyya ta hana shi, malamanta da dama sun yi fatawar haramcinsa, duk da haka idan aka yi samame irin na Nuwamban 2013, ko na bayan afuwar da aka yi wa masu zama ba izini a 2017, wanda ya sayi bizar ne ake tusa ƙeyarsa zuwa sansanin tarhil na Shumaisi, tsakanin Makka da Jidda, inda ake tsare waɗanda za a mayar ƙasashensu.

Ta nan ne kuma hukunci ɗaya ya kasa game kowa. 'Yar aikatau da ta shiga da bizar aiki sahihiya, uwar ɗakinta ta karɓe fasfonta ta kulle a durowa, abin da dokar ƙasar kanta ta hana, aka riƙe mata albashin watanni, ta fice da tsakar dare da kayan jikinta kaɗai, sai kafili ya shigar da rahoton hurub, wato sanarwar cewa ma'aikaci ya gudu, a ƙarshe ta koma mai zama ba bisa ƙa'ida ba. A takarda matsayinta ɗaya da wanda ya yi ƙarya tun daga ofishin jakadanci, amma a ma'aunin fiƙihu tsakaninsu akwai nisa, domin ita an warware mata alkawari ne kafin ta motsa, kuma wanda aka fara saɓa masa ba a kiransa mayaudari. Ƙa'idar larura, wadda take halatta abin da aka hana gwargwadon buƙata kawai, ta fi dacewa da ita a kan mai fakewa da talaucin gida, ko da yake shi ma talaucin ba abin wasa ba ne, kuma mai fatawa daga ɗaki mai sanyi ya kamata ya san cewa yunwa tana da matakai.

Hukumomin yankin sun fara amsa cewa tsarin yana da aibi. Katar ta soke sharaɗin neman yardar uban gida kafin sauya aiki a 2020, Saudiyya kuma ta fara aiwatar da gyaran da ya sassauta sauya aiki da fita ƙasa a watan Maris na 2021. Gyaran na Saudiyya bai haɗa da ma'aikatan gida da direbobin gida da makiyaya da masu aikin gona ba, waɗanda su ne rukunin da 'yan ci-ranin ƙasar Hausa da dama suke faɗawa ciki, saboda haka a lokacin, a wurinsu ikon warware alkawarin ya ci gaba da zama a hannun ɓangare ɗaya, alhali sharuɗɗansa suna kan ɓangarorin biyu.