Dasa Lalle A Tsakar Gida: Ado Da Sadaka

 

Ya ke 'yar'uwa Musulma, ki dubi tsakar gidanki da kyau. A yau da yawanmu mun malale ko'ina da siminti, ko ganye ɗaya babu, ga zafi, ga kuɗin lalle kullum ana kai wa kasuwa. Alhali ya tabbata a Bukhari da Muslim, daga Anas (RA), cewa duk abin da Musulmi ya dasa, mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci, ana rubuta masa ladan sadaka. To, wannan lada ba ta manoma kaɗai ba ce, uwargida ma tana da rabo tana cikin gidanta.

Lalle shuka ce mai son rana da zafi irin na ƙasarmu. Furenta ƙanana ne, farare, masu ƙamshin da ke cika gida. Ga yadda za ki yi. Da farkon damina, wajen watan Yuni, ki samo reshe mai ƙwari, tsawon kamu ɗaya, ki tsige ganyen ƙasan, ki binne rabinsa a inda rana ke samu sosai. Ki gauraya ƙasar da yashi da takin awaki wanda ya ruɓe, domin lalle ba ya son ruwa ya kwanta a gindinsa. Idan babu fili, tsohon bokiti da aka huda ƙasansa ya isa. Ki kewaye shi da kara saboda awaki da yara.

Wajen ban ruwa, ki tara ruwan alwalarki a roba ki zuba masa, amma ban da ruwan sabulu. Kin ga kin tsira daga almubazzaranci ke nan. Da zarar ya kama, ba ya buƙatar ruwa kullum. Idan ya wuce ƙugu sai ki riƙa datse kansa don ya yi rassa, in an bar shi yakan haura mita 2. Ganyen ki shanya a inuwa, ki daka, ki tankaɗe.

Amfaninsa fa? Salma (RA), mai yi wa Annabi (SAW) hidima, ta ruwaito cewa ana sa masa lalle a kan rauni, kamar yadda Tirmizi ya kawo. Sannan launin lalle ba ya hana ruwan alwala taɓa fata, saɓanin jan farce. Kuma na gida ya raba ki da baƙin lallen da ake haɗawa da sinadarin rini mai suna PPD, wanda ke sa wasu ƙaiƙayi da ƙuraje, har da tabo.

'Yar'uwa, ki gyara niyya tun kafin ki sa reshen a ƙasa. Kwalliya don maigida ibada ce. Maƙwabciya ta aiko neman ganye, ki ba ta, ki haɗa mata da reshe ita ma ta dasa. Ki koya wa 'ya'yanki ban ruwa, su taso da tausayin halittar Allah. Kada daminar bana ta wuce ki ba ki dasa ba.

Allah Ya sa mu dace, amin.