Kai Yara Gidan Zoo Da Sallah: Lahawu Ne Ko Hakki?

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Ya 'yan'uwa, bayan mun tashi daga karatu a Gumel, wani magidanci daga Sule Tankarkar ya tsayar da ni. Ya ce, "Malam, yara sun dame ni in kai su gidan zoo na Kano, su ga zaki su hau lilo. Ni kuwa gani nake lahawu ne. In hana su?" Na ce masa, da Sallar bara ina suka wuni? Ya ce yawon Sallah. Da wa? Da yayarsu. Shekarunta nawa? Tara.

To, jama'a, a nan matsalar take. Mutum yana tsoron zunubin lilo, amma bai ji tsoron sakin 'ya'ya uku a hannun yarinya 'yar shekara tara ba, a ranar da dawaki ke sukuwa a ƙofar fada, 'yan acaɓa kuma ba sa kallon gabansu.

Wasan yara dai ba haramun ba ne. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa mutanen Habasha sun yi wasa da masu a cikin masallaci ranar Idi, Nana A'isha (Allah Ya yarda da ita) tana kallo. Amma ku lura da kyau: Annabi (Sallallahu Alaihi Wasallam) bai aike ta ita kaɗai ba. Shi ne ya tsaya, tana bayansa, har sai da ta gaji don kanta. Haka ƙanin Anas ɗan Malik, Abu Umair, yana da ɗan tsuntsun da yake wasa da shi. Da tsuntsun ya mutu, Manzon Allah da kansa ya tambayi yaron labarinsa. Wanda yake ɗauke da nauyin al'umma ya sami lokacin tsuntsun yaro. Kai da kake da shago ɗaya a kasuwar Maigatari, wadda ke ci ranar Alhamis, kana cewa ba ka da lokaci?

Wannan gidan zoo an buɗe shi ne a zamanin Gwamna Audu Bako, a farkon shekarun 1970, lokacin Gumel tana cikin Jihar Kano, kafin a ƙirƙiro Jigawa a 1991. Yaron da ya tashi a Gagarawa ya san raƙumi da jaki, amma zaki da jimina sai dai a tatsuniya ko a waya. In ya tsaya gaban keji ya ce, "Baba, wa ya yi wannan?" ka sami ƙofar tauhidi wadda bulala ba ta buɗe ta. In ba ka wurin, wa zai amsa masa?

Ban ce wurin ba shi da aibi ba. Ranar Sallah akwai turmutsutsu, akwai cakuɗuwar samari da 'yanmata, kuma ana shagala har Azahar ta shige cikin La'asar. Maganinsa mai sauƙi ne: ka bari cunkoso ya lafa, ka je da safe, ka riƙe hannun ƙaramin, lokacin salla ya yi ku tsaya ku yi. Kuma kada ka bar yaro ya jefi dabba a keji yana dariya. Hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha, kun san shi.

Sauran magana kuɗi. Wanda zai ci bashi ko ya taɓa hatsin gida don kuɗin mota zuwa Kano, wallahi ba a ɗora masa ba. Igiya a reshen darbejiya lilo ce, muddin kai ne kake turawa.

Mutumin nan ya yi shiru, sannan ya ce, "Malam, ashe ni ne ba na son tafiyar." Na ce masa idan zai je, ya tafi har da yayar tasu, ita ma ta hau lilon, wannan karon ba da goyo a bayanta ba.