Shin Ya Halatta A Ba Mai Ƙin Abinci Maganin Taɓin Hankali?

Akwai wata cuta da likitan Ingila William Gull ya raɗa wa suna anoreksiya a 1873, wadda ta fi kama 'yan mata. Ga abinci a gaban yarinya, amma tsoron ƙiba ya hana ta ci, ta rame har ƙasusuwa su fito, duk da haka in ta dubi madubi ƙiba take gani. Wannan cuta tana kisa.

Wasu likitoci kan rubuta wa irin waɗannan marasa lafiya olanzapine, maganin da aka amince da shi a Amurka a 1996 domin masu taɓin hankali. A nan ne iyaye ke tambaya: 'yarmu ba mahaukaciya ba ce, don me za a ba ta maganin mahaukata? Kuma tunda yana sa barci, ashe ba ɗan'uwan kayan maye ba ne?

Malamin Malikiyya Imam al-Ƙarafi, a littafinsa Al-Furuƙ, ya bambanta abin da ke bugarwa tare da nishaɗi da abin da ke sa barci kawai. Na farko shi ne hukuncin giya ya hau kansa, na biyu kuwa malamai sun halatta shi domin larurar magani. Shan maganin kuma ba ya mayar da yarinya mahaukaciya. Kiyaye rai wajibi ne, saboda haka kunyar abin da maƙwabta za su ce ba hujja ba ce ta barin 'ya ta halaka.

Sai dai kada a ɗora wa ƙwaya abin da ya fi ƙarfinta. Wani bincike da Dokta Evelyn Attia ta jagoranta, aka buga a 2019, ya bi mutum 152 har mako 16. Waɗanda suka sha maganin sun ɗan ƙara nauyi, amma tunanin da ke damunsu bai ragu sosai ba. Kuma yana iya ɗaga sukarin jini, shi ya sa dole likita ya sa ido.

To, magani ya halatta idan ƙwararren likita ne ya rubuta shi, aka kuma gaya wa yarinyar gaskiyar abin da take sha. Uban da ya ba da ƙwaya don a huta da rigimarta bai sauke amana ba. Wajibinsa yana nan: ya kai ta wurin masu ba da shawara, a zauna da ita lokacin cin abinci cikin haƙuri, ba duka ba gori.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.