Zumunta A Ƙafa Ta Ke

Karatu: Ibraniyawa 10:24, 25, Romawa 16:3-5, 2 Timoti 1:16, 17.

'Yan'uwa, kowace ranar Lahadi sa'ad da aka kaɗa ƙararrawa muka shiga ɗakin sujada, akwai masu bi da yawa waɗanda ba su tare da mu. Akwai tsohuwa wadda ƙafafunta suka gaza, da majinyaci da ke kwance a asibiti. Akwai ma'aikaciyar jinya da mai gadi, waɗanda aikinsu bai san Lahadi ba, da direban babbar mota wanda gari ya waye masa a kan hanya. Akwai malamin makaranta da aka kai wani ƙauye inda babu mai bi sai shi kaɗai, da wanda tashin hankali ya kore shi daga garinsu. Akwai kuma wanda ya ba da gaskiya a ɓoye, in aka gan shi a bakin ɗakin sujada zai rasa gida da dangi. Dukansu jinin Kristi ya fanshe su kamar yadda ya fanshe mu.

Tambayar da irin waɗannan 'yan'uwa su kan yi mana ita ce, shin mutum ya iya samun zumuntar masu bi da abokai cikin Ubangiji, alhali ba shi da halin zuwa sujada? Muna amsawa, i, ya iya. Amma ba za ta zo ta tarar da shi yana zaune ba. Mutanenmu sun ce zumunta a ƙafa ta ke. Lalle ne wani ya tashi ya nemi wani, ko shi ya fita ya nemi 'yan'uwa, ko kuwa 'yan'uwa su fita su neme shi.

1. Ekklesiya ta girmi gininta

Bari mu fara da abin da Littafi Mai Tsarki ya nuna mana. Masu bi na fari ba su da ginin da su ke kira nasu. A daren da mala'ika ya fitar da Bitrus daga kurkuku, gidan Maryamu uwar Yohanna Markus ya nufa, gama a can jama'a suka taru suna addu'a dominsa (Ayyukan Manzanni 12:12). Da Bulus ya isa Filibi, bakin kogi ya tafi ran Asabar, ya sami waɗansu mata sun taru don addu'a. Ɗaya daga cikinsu, Lidiya, 'yar kasuwa ce. Ta ba da gaskiya, ta buɗe musu gidanta, kuma kafin Bulus ya bar garin a gidan nan ya sadu da 'yan'uwa ya ƙarfafa su. Akila da matarsa Biriskila masu ɗinkin tanti ne, sun zauna a Korinti da Afisa da Roma, Bulus kuma sau biyu yana ambaton ekklesiya da ke taruwa a gidansu. Haka ya faɗa game da gidan Nimfa da gidan Filimon.

Ɗaya daga cikin ɗakunan sujada mafi daɗewa da masu tonon tarihi suka gano yana wani kango mai suna Dura-Europos, a bakin kogin Yufiretis cikin ƙasar Suriya. Asalinsa gidan zama ne. Wajen shekara ta 240 aka rushe bango tsakanin ɗakuna biyu don jama'a su sami wurin taruwa. Watau ekklesiya ta yi kusan shekara 200 tana yaɗuwa gida gida kafin a kai ga wannan.

A ƙasarmu ma haka ta fara. Ran 17 ga Maris 1923, Stover Kulp da Albert Helser suka yi sujadarsu ta fari a Garkida ƙarƙashin itacen tsamiya. Daga inuwar nan Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya ta tsiro. Ku tambayi dattawan ko wace ekklesiya, za su gaya muku iyayensu sun fara taruwa a zaure, ko a rumfa, ko a gindin itace. Gini abu ne mai kyau, muna kuwa gode wa Allah dominsa. Amma mutanen da ke ciki su ne ekklesiya.

2. Sa'ad da aka rufe ƙofa

Allah ya sha nuna mana wannan da ayyuka. A ƙasar Sin an rufe ɗakunan sujada duka a 1966, ba a fara buɗe su ba sai 1979. Cikin shekarun nan masu bi suka riƙa haɗuwa kaɗan kaɗan a cikin gidaje, sau da yawa da dare, waɗansu da 'yan takardun da suka kwafe ayoyi da hannu. Da aka buɗe ƙofofi, sai aka ga bangaskiya ba ta mutu ba, a wurare da yawa ma masu bi sun ƙaru.

Ba sai mun tafi nesa ba. A watan Oktoba 2014 mayaƙan Boko Haram suka mamaye Kwarhi, hedkwatar Ekklesiyar 'Yan'uwa, jama'a masu ɗimbin yawa kuma daga Borno da Adamawa suka warwatse. Waɗansu suka gudu Yola da Jos da Abuja, waɗansu suka ƙetare zuwa sansanin Minawao cikin Kamaru, wanda aka buɗe tun 2013. Inda suka sauka duka suka nemi juna, suka ci gaba da addu'a da waƙa da yarensu da Hausa. A shekara ta 2020 kuma, da annobar korona ta sa aka hana taro, yawancinmu mun yi Ista a tsakar gida, maigida ya zama mai karanta Magana, yara suka zama mawaƙa. A lokacin ne kowa ya gane ko yana da 'yan'uwa na gaske, ko kuwa benci kawai ya ke da shi.

3. Yadda za a nemi zumunta

Yanzu bari mu yi magana da kai, ɗan'uwa ko 'yar'uwa, wanda hanyar ɗakin sujada ta toshe maka.

Ka fara da roƙon Allah ya nuna maka mutum ɗaya. Kada ka jira taro. Wataƙila yana wurin aikinka, ko a gadon da ke kusa da naka a asibiti, ko cikin masu ɗiban ruwa a rijiyar unguwarku. Sau da yawa mai bi biyu su kan yi shekara suna gaisawa, kowa yana tsammani shi kaɗai ne. In kana wurin da bayyana kai ya ke da hatsari, ka yi a hankali, ka nemi shawarar wani dattijo amintacce, kada ka jefa kanka ko waninka cikin wahala a banza.

In ka same shi, ku sa rana da lokaci. Zumuntar da ba ta da rana takan ƙare a kan "sai mun haɗu." In Lahadi ba ta yiwu ba, Talata da yamma ma ta Ubangiji ce. Ma'aikatan dare su iya haɗuwa da hantsi, direbobi su iya haɗuwa a tasha kafin a gama lodi.

Me za ku yi in kun haɗu? Ayyukan Manzanni 2:42 ya ambaci abu huɗu da masu bi na fari suka riƙe, watau koyarwar manzanni, da tarayya, da cin abinci tare, da addu'a. Ku karanta sura ɗaya, ku bi littafi guda daga farko har ƙarshe, kamar Markus ko Filibiyawa, kowa ya faɗi abin da ya fahimta. Tun 1932 muna da Littafi Mai Tsarki dukansa da Hausa, yau kuwa wanda bai iya karatu ba ya iya saurare a wayarsa. Ku yi addu'a domin juna da suna, kuna ambaton ainihin damuwa, ko bashi ne, ko ciwo, ko yaron da ya ƙi jin magana. Ku ci abin da ya samu tare, ko da kunu ne. Sa'an nan ku taimaki juna da hannu. Wanda ya taya ka noma sa'ad da zazzaɓi ya kwantar da kai, shi ne za ka iya gaya wa zunubin da ke damunka. Abuta cikin Kristi da irin waɗannan ƙananan abubuwa a kan gina ta, tana kuwa ɗaukar lokaci.

Wannan hanya ba baƙuwa ba ce a gare mu. Ƙungiyar ɗalibai Krista ta FCS, wadda aka kafa a Gindiri a 1957, ta riƙe yara da yawa a makarantun kwana inda babu fasto. Aikin Sabon Rai Don Kowa, wanda ya tashi a shekarun 1960, ƙarfinsa yana cikin ƙananan ƙungiyoyin addu'a ne na gida gida. Zumuntar mata kuwa ta daɗe da sanin hanyar gidan mai jego da na gwauruwa.

To, rediyo da waya fa? Kyauta ce daga Allah. Tun da gidan rediyon ELWA ya fara aiki daga Laberiya a 1954, mutane da yawa sun ji bishara a ɗakinsu. Yau ana jin wa'azi a waya, ana aika roƙon addu'a ta WhatsApp. Ku yi amfani da su. Amma mai wa'azi na rediyo bai san sunanka ba, ba zai ga ka rame ba, ba zai kuma tsauta maka in ka kauce ba. Manzo Yohanna da kansa, a ƙarshen wasiƙarsa ta biyu da ta uku, ya nuna takarda ba ta ishe shi ba, yana marmarin ya je su gana ido da ido.

4. Gargaɗi

Dole mu faɗi wata magana mai nauyi. Akwai wanda bai iya zuwa sujada ba, akwai kuma wanda ya ƙi zuwa. Wani ya yi faɗa da dattijo, wani an yi da shi a bayan ido, wani ya ga an ci amanar baiko. Ba mu raina wannan ciwo ba, gama mun san a cikin ekklesiya a kan ji wa mutum rauni mai zurfi, alhakin kuwa yana wuyan wanda ya zama sanadin tuntuɓe. Amma sau da yawa mai fushi ya kan kafa hujja da Matta 18:20, inda Ubangiji ya yi alkawarin kasancewa tare da masu taruwa saboda sunansa, ko da su biyu ne ko uku. Ɗan'uwa, ka koma aya ta 15 ka karanto. Maganar duka a kan sulhu ce, yadda za ka je wurin wanda ya yi maka laifi ku daidaita, in ya ƙi ka ɗauki shaidu, in ya ƙi kuma a kai gaban ekklesiya. Ayar da ka ke fakewa da ita tana aikenka wurin mutumin da ka ke gudu. Marubucin Ibraniyawa ma ya ga waɗansu sun mai da ƙauracewa taro al'ada, ya kuwa hana.

Ƙaramin taro kuma yana da nasa hatsari. Inda babu dattijo mai duba, mai baki ya kan mai da kansa annabi, ya fara karɓar kuɗi, ko taron addu'a ya koma wurin cin naman waɗanda ba su nan. Saboda haka ku sanar da wani fasto ko mai bishara cewa kuna taruwa, ko da yana nesa. Ku roƙe shi ya riƙa ziyartarku, ya yi wa sababbin tuba baftisma, ya ba ku Jibin Ubangiji. Ku auna kowace koyarwa da Littafi Mai Tsarki. Ranar da Allah ya buɗe hanya kuma, ku koma cikin babban taro da murna, gama a can ne a ke koyon ƙaunar wanda ba mu zaɓa ba.

5. Magana ga mu da ke ciki

Rabin wannan wa'azi namu ne, mu fastoci da dattawa da dukan masu zuwa sujada. Sa'ad da Bulus ya ke ɗaure a Roma, da yawa sun juya masa baya. Amma wani mutum mai suna Onisifurus ya shiga babban birnin nan ya yi ta cigiya har ya same shi, bai ji kunyar sarƙarsa ba, ya kuma sanyaya masa rai sau da yawa. Bulus ba shi da ikon zuwa taro, sai taro ya zo wurinsa da ƙafafun mutum ɗaya.

Mu kan ƙirga waɗanda suka zo, mu rubuta a littafi. Wa ke ƙirga waɗanda ba su zo ba? Tsohuwar da ta yi shekara talatin tana share ɗakin sujada, yau wata nawa ke nan rabon da wani ya zauna a kan tabarmarta ya karanta mata Zabura? In mun bar ta ita kaɗai har ta karaya, Makiyayin tumaki zai tambaye mu.

Saboda haka muna roƙonku, kafin wata mai zuwa ya kama, kowane mai karatu ya tuna da mutum ɗaya wanda ya daɗe bai gan shi a sujada ba, ya ɗauki Littafinsa ya tafi gidansa. Kada ka tafi da tuhuma. Ka gaishe shi, ka ji damuwarsa, ku yi addu'a, ka kuma gaya masa ranar da za ka komo. Kai kuma da ke zaune kai kaɗai, ka aika wa wani mai bi saƙo a wannan mako ka ce kana bukatar ɗan'uwa. Babu kunya a ciki.

Ubangiji Yesu, wanda ya bar sama ya zo ya neme mu, ya ba mu ƙafafun neman juna, ya kiyaye 'ya'yansa da ke warwatse, har ranar da zai tara mu duka a gabansa. Amin.