Kwarjini: baiwa ce ko koyo?

Ranar Alhamis a kasuwar Shinkafi ba ka rasa mai magani ya baza kaya yana tallan kwallin kwarjini. Cikin masu saye har da ma'aikata da aka yi wa ƙarin girma, suna son in sun shigo ofis a miƙe. Wasu kuma kuɗi suke biya ta intanet a koya musu tsayuwa da kaurara murya. Duk ƙishi ɗaya ne.

Malamanmu suna cewa kwarjini baiwa ce, Allah ke sanya ta ga wanda ya so. Na yarda. Sai dai na lura baiwar tana da inda ta fi sauka.

Akwai wani tsohon dillalin shanu da na sani a kara, ɗan siriri, rigarsa ta koɗe. In ciniki ya rikice, mai saniya na rantsuwa, mahauci na ɗaga murya, sai a aika a kira shi. Zai zo ya buɗe bakin dabbar, ya dubi haƙoranta, ya shafa tozo, ya faɗi kuɗi sau ɗaya. Shi ke nan, a sallama. Kowa ya san bai taɓa karɓar la'ada ta bayan fage ba, bai kuma taɓa ɓoye aibin dabba don ciniki ya faɗa ba. Ba abin kowa a bakinsa, shi ya sa maganarsa ke da nauyi. Sayyidina Umar ma da riga mai faci ya mulki daula, gwamnoni na shakkar haɗa ido da shi.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda muka fara rikita kwarjini da tsoro. Muhammadu Namoda, wanda Ƙaura ta ci sunansa, yana cikin jagororin da suka ci Alƙalawa a 1808, don haka mun san jarumta a ƙasar nan. Amma yau a ƙauyukan Zurmi yaro mai bindiga kan sa dattawa su durƙusa, yana juya baya su bi shi da Allah ya isa. Shugaban ofis mai tsawa, mai riƙe takardar hutun ma'aikaci don a zo a roƙe shi, da wannan yaron yake layi ɗaya ko da rawani ya naɗa. Ranar da takardar sauyin aikinsa ta iso, masinja ma ba ya ɗaukar masa jaka.