Da Tsohuwar Zuma Ake Magani: Hikimar Yi Wa Wandon Jins Faci

Bahaushe ya ce da tsohuwar zuma ake magani. Akan jawo wannan karin magana idan matsala ta gagari yara aka koma wurin dattijo, ko aka nemi tsohon amini ranar da sababbin abokai suka watse. Mai sauraro yakan ɗauka yabon tsufa kawai ake yi, alhali akwai sharaɗi a ciki. Zuma tana daɗewa ne saboda ruwan da ke cikinta kaɗan ne, galibi bai kai kashi 20 cikin 100 ba, ga kuma ɗan tsamin da ke hana ƙwayoyin cuta rayuwa a cikinta. In aka bar bakin tulu a buɗe, sai ta sha danshi, ta yi kumfa, ta lalace. Ashe tsohuwar zumar da ake magani da ita wadda aka toshe aka adana ce. Yabon na mai ajiya ne, wanda ya hango ranar buƙata tun ba ta zo ba.

Akwai wani ɗan aikin cikin gida da wannan hikima ta hau kansa daram, wato yi wa wandon jins faci.

Shi jins tun asali don aikin ƙarfi aka yi shi. Wani tela mai suna Jacob Davis, a garin Reno na jihar Nevada a Amurka, ya lura cewa wandunan leburori daga bakin aljihu suke fara yagewa, sai ya riƙa dasa ƙananan ƙusoshin jan ƙarfe a wuraren. Ya haɗa kai da Levi Strauss na San Francisco, ɗan kasuwar da yake sayen yadi a hannunsa, suka karɓi takardar mallakar wannan fasaha ranar 20 ga Mayu, 1873. Wandon da ya gama duniya a yau, idon mai lura da inda tufa ke yagewa ne ya haife shi.

Irin wannan ido mai gyara ke buƙata. A saƙar jins, zaren tsaye shi ake rinawa da shuni, zaren kwance kuwa fari ake barinsa. Shuni ba ya ratsa zare har ciki, a bayansa yake zama, abin da marinan Ƙofar Mata a Kano suka daɗe da sani game da baba. Shi ya sa jins ke koɗewa sannu a hankali. Kuma da yake zaren tsaye ne a sama, shi ke fara cinyewa a inda guga ta yi yawa: hantsa, gwiwa, bakin aljihun baya inda waya ke zama, da kalmasar ƙafa da ke jan ƙasa. Da zarar ka ga wuri ya yi fari fat, fararen zaruruwa sun bayyana a kwance, to wando ya yi maka sallama. Nan ne lokacin gyara, tun kafin yatsa ya iya shiga.

To da me za a yi facin? Nan mutane da yawa ke yin kuskure. Sai a ga mutum ya nemo sabon yadi mai kauri, yana ganin ya yi wa wandonsa gata. Sabuwar auduga kuwa tana tsukewa a wankin farko, sai ta janyo tsohon yadin da ke kewaye da ita ya tattare. Ga ta da tauri, ba ta lanƙwasa tare da jiki, don haka duk nauyin zama da tsuguno sai ya koma bakin facin, wandon ya sake yagewa a daidai layin ɗinki. Ga shuninta bai gama zuba ba, yana ɓata abin da ya taɓa. Ƙyallen da aka yanko daga wani tsohon jins ba ya da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Ya riga ya gama tsukewa, ya yi laushi, launinsa ya zauna. Duk abin da zai yi ya riga ya yi shi, babu sauran abin mamaki a tare da shi. Wannan ita ce darajar tsufa da karin maganar ke nuni gare ta: abu ne da aka gwada, aka san halinsa. Wuri mafi kyau da za a yanko shi ne bayan ƙwauri, domin nan ne ba ya shan guga. Gidan da ya ajiye mataccen wando guda ɗaya a ƙasan akwati ya tanadi maganin wanduna da dama.

Aikin kansa ba shi da wuya, natsuwa yake so. A wanke wandon da ƙyallen, a shanya, a goge. A juya wandon ciki waje, a yanka ƙyallen ya zarce ramin da kamar faɗin yatsa biyu ta kowane gefe, har ya hau kan yadi mai lafiya, domin ɗinkin da aka dasa a kan wurin da ya mutu ba ya riƙewa. A zagaye kusurwoyinsa da almakashi don kada su naɗe su riƙa sukar fata. A daidaita saƙarsa da ta wandon, tsaye ga tsaye. Fararen zaruruwan nan da suka rage a bakin ramin kada a datse su, su ne za su ɓoye facin ta waje. Sai a kafe da fil, a juyo fuskar wandon, a yi ta ɗinki gaba da baya, layi kusa da layi, ana bin karkacewar saƙar, ana ɗan zarce iyakar ramin. Mai keken ɗinki ya sa allura mai lamba 16, domin siririya karyewa take yi a kan jins. Mai ɗinkin hannu ya yi ƙananan taku a jere, kada ya ja zaren da ƙarfi. Shi ma zaren a zaɓo shi daidai da launin da wandon yake da shi yanzu, shuɗi mai toka-toka, ba launin da ya zo da shi daga kanti ba. In a gwiwa ne kuma keke ya ƙi shiga, sai a farke ɗinkin gefen da ba a ninka ba, a gama aiki, a mayar.

Sai dai ba kowane tsohon abu ne zuma ba. Ɗaga wandon ka duba shi a hasken rana. In haske yana ratsa shi ko'ina, ya gama aikinsa, duk inda allura ta shiga sabon rami ne. Irin wannan sai a cire masa wuraren da suka rage da ƙwari a adana, saura ya zama tsumma. Haka nan jins na zamani mai roba a cikin saƙarsa, wanda ke miƙewa, sai da ƙyalle mai miƙewa irinsa, kuma idan robar ta saki babu ɗinkin da zai mayar da ita. Sanin abin da ya cancanci ajiya da wanda bai cancanta ba, shi ma yana cikin hikimar.

Abin da ya fi hana mutane faci ba wahalar aikin ba ce, kunya ce. An mayar da maho tambarin talauci, har saurayi ya gwammace ya ci bashi da a gan shi da shi, alhali shi ɗin ne zai biya kuɗi mai yawa ya sayi sabon jins da aka yayyaga da gangan a masana'anta. Magabata ba su ga aibi a nan ba. An ruwaito daga Nana A'isha cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan ɗinke tufarsa ya gyara takalminsa da hannunsa. A Sudan, a shekarun 1880, mabiya Mahadi jibba mai faci suke sawa a matsayin alamar gudun duniya. A arewacin Japan kuwa, inda sanyi ya hana auduga fitowa, manoma sun riƙa jera faci kan faci a tufafinsu masu shuni, tufafin da a yau ake kira boro, ake kuma baje su a gidajen tarihi.

Ga kuma lissafin da ya wuce na aljihun mutum ɗaya. Kamfanin Levi Strauss da kansa ya ƙiyasta a 2015 cewa wando guda samfurin 501 yana cin ruwa lita 3,781, tun daga gonar auduga har wankinsa na ƙarshe. Yawancin jins da ake ɗagawa a layin 'yan gwanjo na kasuwar Ƙofar Wambai a Kano sun riga sun yi rayuwa ɗaya a wata ƙasa. A kasuwar Kantamanto da ke Accra, ƙungiyar Or Foundation ta ƙiyasta cewa tufafin gwanjo kusan miliyan 15 ke shiga kowane mako, kuma kimanin kashi 40 cikin 100 a juji suke ƙarewa. Wandon da aka jefar saboda rami mai faɗin kwabo, duk wannan ruwa da gumin manomi da na masaƙi aka jefar tare da shi.

Ajiyar da ta fi ta ƙyalle saurin ɓacewa ita ce ta sani. Iyaye mata da kakanni da yawa sun iya wannan aiki tun suna 'yan mata, amma ba a tambayarsu, su ma ba sa tallarsa. In wandon yaro ya fara fari a gwiwa, kada a miƙa wa telan da ke yawo da keke a kafaɗa tukuna. A zaunar da mai wandon, namiji ne ko mace, kusa da wadda ta iya, a ba shi allura da zare. Facinsa na farko zai karkace, amma zai riƙe, kuma wanda ya taɓa ɗinke gwiwar wandonsa da hannunsa ba ya saurin zubar da tufa.