Wa Zai Yi wa Ungulu Shaida?

Hausawa sun ce ungulu ba ta jewar banza. Wannan karin magana yana nan daram a bakin yaro da babba, amma ita mai jewar ta yi ƙaranci, har ta kai akwai yara da yawa a biranenmu da suka san ungulu a zance kawai, ba su taɓa ganin ta a kan tsamiya ko a bayan mahauta ba. Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne yadda ta janye jiki a gaban idon kowa, ba tare da an yi wata hayaniya ba. Wannan ne ya kawo mu ga tambayar da muke son tattaunawa: shin abin da ya yi yawa, har ido ya saba da shi, yana da haƙƙin a kula da shi a lissafa shi? In kuwa yana da wannan haƙƙi, a wuyan wa yake?

Mu ɗauki Zuba a matsayin misali. Gari ne da ke mahaɗar hanyoyin Kaduna da Lakwaja da birnin Abuja, ga babbar tasha, ga kasuwar kayan marmari, ga Dutsen Zuma yana leƙo shi daga ɓangaren Jihar Neja. Tun da aka yanke shawarar gina sabon babban birni a 1976, aka kuma tare a cikinsa a watan Disamba na 1991, yankin ya cika ya batse da jama'a. Gonaki sun koma filayen gini, manyan itatuwa sun koma katako da gawayi. Dubban mutane suna ratsa garin kullum, kowa idonsa na kan mota ko kan ciniki. Hankaka da shirwa da kurciya da balbela suna shawagi a kansu, amma da wuya a sami wanda zai iya cewa bana sun fi bara yawa ko sun ragu. Gaba kaɗan a kan hanyar Kaduna akwai garin Gauraka, mai suna ɗaya da tsuntsun nan mai tukku wanda yanzu ganinsa a dajin Nijeriya ya zama abin labari.

Dalilin wannan gafala a cikin ɗabi'ar ɗan Adam yake. Abin da ba a saba gani ba shi ke jan ido, wanda aka saba da shi kuwa sai ya zama kamar bango. Bugu da ƙari, kowane zamani yana auna duniya ne da abin da ya buɗe ido ya tarar. Dattijon da ya ga ungulu hamsin a mahauta zai ce sun ƙare in ya ga biyar, jikansa kuwa da ya tashi ya tarar da biyar zai ɗauka haka abin yake tun fil azal. In gardama ta kaure tsakaninsu, babu mai raba ta sai rubutaccen lissafi, domin tunani yana tsufa tare da mai shi.

Kada kuma mu zaci yawa garkuwa ne. A Amurka an yi wata irin kurciyar daji wadda garkenta kan rufe rana in ya taso, yawanta ya kai dubban miliyoyi. Farauta da sare daji suka cinye ta, har ta ƙarshe, wadda aka sa wa suna Marta, ta mutu a gidan namun daji na Sinsinati ran 1 ga Satumba 1914. Ita ma ungulunmu ta kasuwa ta kama wannan hanya, domin a 2015 ƙungiyar IUCN ta sanya ta cikin jerin halittun da ke gab da ƙarewa. Abubuwan da suka jawo haka sanannu ne: cinikin kanta da sauran sassanta don tsibbu da magani, da gubar da ake barbaɗa wa mushe, da sare dogayen itatuwan da take sheƙa a kai.

A nan ne aikin masu kallon tsuntsaye ya shigo. A ƙarshen 2015 Cibiyar Nazarin Tsuntsaye ta A. P. Leventis, wadda ke Laminga kusa da Jos, ta ƙaddamar da shirin zana taswirar tsuntsayen Nijeriya. An yanka ƙasar gida-gida, kowane gida kimanin kilomita 9 tsawo da faɗi. Ɗan sa-kai yakan shiga gida ɗaya ya yi aƙalla awa 2 yana rubuta duk irin tsuntsun da ya gani ko ya ji kukansa, sa'an nan ya aika ta wayar hannu. Da yawa daga cikin masu wannan aiki ɗalibai ne da matasa. Hikimar tsarin ita ce ba ya raina kurciya don ya nemi mikiya. Gwara da marai da tsattsewa duk suna shiga takarda, domin sai an rubuta ganinsu yau za a iya gane rashinsu gobe.

Sai dai ƙirga manya kaɗai ba ya faɗin gaskiya duka. Ungulu ƙwai ɗaya tak take yi a kaka, ta kwanta a kansa kimanin kwana 50, sa'an nan ta yi watanni tana ciyar da ɗan kafin ya iya tashi. Ga ta kuma da tsawon rai. Saboda haka ana iya shekaru ana ganin tsofaffi suna jewa a sama, alhali babu ƙyanƙyasa a sheƙa, sai ran da tsofaffin suka ƙare a wayi gari sama fayau. Wannan ya sa a Ingila tun 1939 masu sa-kai suke rubuta labarin sheƙa: ƙwai nawa aka yi, nawa aka ƙyanƙyashe, 'ya'ya nawa suka yi fiffike suka tashi. Darasin ya wuce kan tsuntsu. Duk al'ummar da ke son sanin gobenta, ba taron manya za ta duba ba, sheƙa za ta leƙa.

Mun san akwai mai cewa wannan aikin wanda ya ƙoshi ne. Mai dako a kasuwar Zuba yana neman na tuwon dare, manomin gero da shinkafa yana kwana a gona yana korar jan-baki, yaya za a ce da su su tsaya ƙirgar tsuntsu? Wannan magana tana da nauyi, kuma ba mu ce a fifita tsuntsu a kan mutum ba. Amma mu duba wanda asarar take faɗa wa. A Indiya, cikin shekarun 1990, ungulaye sun ragu da fiye da kashi 95 cikin ɗari saboda maganin dabbobi mai suna diklofenak, wanda ke kashe musu ƙoda in sun ci mushen saniyar da aka yi wa allurarsa. Ba a hana amfani da shi ga dabbobi ba sai a 2006. Mushe ya yi ta ruɓewa a fili, karnukan sake suka yawaita, ruwan sha ya gurɓata. Wani bincike da masana tattalin arziki biyu suka fitar a 2024 ya ƙiyasta cewa mutane kusan rabin miliyan ne suka rasu tsakanin 2000 da 2005 a sanadin haka. Haka nan a ƙasar Sin, a 1958 hukuma ta sa jama'a su kashe gwara don tana cin hatsi, sai fari da sauran ƙwari suka sami sake suka afka wa gonaki. Talaka ne ya biya kuɗin duka biyun, kuma abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Ban da wannan, kallon tsuntsu ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Manomin ƙasar Hausa ya daɗe da sanin cewa in shamuwa ta sauka damina ta kusa, kuma yakan bar ta ta yi sheƙa a tsakiyar gari ba mai taɓa ta. Makiyayi ya san balbela da carki kamar yadda ya san shanunsa. Mahauci ya san lokacin da ungulu ke sauka. Sanin yana nan, abin da ya rage shi ne alƙalami da kwanan wata.

Saboda haka amsarmu ita ce, i, abin da ya yi yawa yana da haƙƙi a kanmu, kuma mafi ƙarancin haƙƙin shi ne shaida. Wanda ya ci moriyar maƙwabci shekara da shekaru, ya share masa mushe, ya cinye masa ƙwari, ya sanar da shi zuwan ruwa, bai kamata ya kasa faɗin ranar da maƙwabcin ya bar unguwa ba. Nauyin kuwa ya fi sauka a kan mu da muka iya rubutu. Ɗalibin Hausa yana da rabo na musamman a ciki, domin tsuntsun da ya ɓace yakan tafi da ma'anar sunansa, har a wayi gari muna koyar da karin magana da tatsuniya da zambo a kan halittar da babu wanda ya san kamanninta a cikin aji.

Aikin ba ya bukatar dukiya. Littafin rubutu ɗaya ya isa, da itace ɗaya a harabar makaranta ko a bakin kasuwa wanda mutum zai riƙa dubawa duk mako: marai nawa suka saƙa sheƙa bana, a wane wata, nawa suka fitar da 'ya'ya, ran da aka sare itacen ina suka koma. Wanda ya yi haka shekara goma a Zuba ya bar wa na baya abin da za su raba gardama da shi, kuma in an tambaye mu yadda muka riƙe abin da muka tarar, muna da takardar nunawa.